Fashon furut ta cika katanga da ganye, fure kuma sai zuba yake: ina matsalar take?

"Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a Ƙofar Marusa, cikin birnin Katsina. Bara da damina na sayi dashen fashon furut guda uku wajen masu sayar da furanni a bakin titi. Biyu suka mutu, ɗaya ta rayu. Yanzu ta haye katangar tsakar gida, wadda ranar yamma ke duka, ta rufe ta ruf, ganye kore shar. Tun watan Fabrairu take fure, ga shi muna cikin Mayu, ko ɗa ɗaya ban gani ba. Furen sai ya buɗe, ya yanƙwane, ya faɗo. Ina zuba mata kashin kaji da yuriya, ina ba ta ruwa kullum. Maigidana ya ce a sare ta a sa zogale, wai namiji ce. Shin tana yi a Katsina kuwa, ko wahalar banza nake?" Daga wata uwargida.

Wa alaikumus salam, Hajiya. Da farko ki ba Alhaji haƙuri, a mayar da adda ɗaki tukuna. Zancen namiji daga gwanda aka ɗauko shi, don ita gwanda da gaske akwai wadda fure kawai take yi har ta tsufa. Fashon furut ba haka take ba, kowane furenta yana ɗauke da ɓangaren namiji da na mace a tare. Tambayarki ke nan ta rabu gida biyu: shin wannan shuka tana 'ya'ya a yanayin Katsina, in kuma tana yi, me ya hana taki? Tana yi. Na gani a nawa lambun, na gani a gidajen mutane. Sai dai a nan ba shukar da za a dasa a juya mata baya ba ce. Ganye kam kyauta za ta ba ki, 'ya'ya kuwa sai kin sa hannu. Daga bayanin da kika yi, zargina ya fi ƙarfi a kan abu ɗaya: ita kaɗai ce a gidan. Zafin bazara da yuriya ƙari ne kawai a kan wannan.

Asalin shukar, wadda masana ke kira Passiflora edulis, kudancin Burazil ne da Faraguwai da arewacin Ajantina. Iri biyu ne suka bazu a duniya. Akwai mai 'ya'ya launin shunayya, ƙanana, masu ƙamshi da zaƙi. Wannan tudu da sanyi take so, ita ake nomawa a tsaunukan Kenya, a ƙasar nan kuma irin yanayin Jos da Mambila ne ya dace da ita. Jos tana kan tudun da ya kai wajen mita 1,200, Katsina kuwa wajen mita 500. Sai kuma rawaya, wadda 'ya'yanta suka fi girma, suka fi tsami da yawan ruwa. Tana jure zafi, saiwarta kuma ta fi ƙarfin hali a gaban cututtukan ƙasa. Burazil, wadda ta fi kowace ƙasa noman fashon furut, kusan duk rawayar take nomawa, kuma jihohin da ke kan gaba su ne Bahia da Ceará a arewa maso gabas, yankin da ya san fari da zafin rana, inda ban-ruwa ke riƙe da gonaki da yawa. Shi ya sa ban yarda da masu cewa ba ta yi a Arewa ba. Amma mu san matsayinmu. Shukar ta fi sakewa a zafin da ke tsakanin digiri 20 da 30, tana son ruwan sama da bai gaza milimita 900 ba a shekara, kuma a rarrabe cikin watanni. Namu ruwan wajen milimita 600 ne, a dunƙule daga Yuni zuwa Satumba, sannan a Afrilu da Mayu zafi ya kai 40 har ya gota. Haka abin yake a Daura da Mai'aduwa. A bakin iyakar juriyarta muke zaune, don haka abin da sama ba ta ba ta ba, mai gida ne zai cika.

Ki fara sanin wace iri ce a gidanki

Ba sai kin jira 'ya'ya ba. Ki lura da lokacin da furen ke buɗewa. Na shunayya da sassafe yake buɗewa, kafin rana ta raba ya fara rufewa. Na rawaya kuwa sai wajen tsakar rana zuwa azahar, ya wuni a buɗe har magariba. Ki duba kuma sabbin rassa da zaren nan da take naɗe abu da shi: na rawaya yana da ɗan ja-ja, na shunayya kore ne fes. Shukar da ta shanye bazarar Katsina a jikin katangar siminti tana nan kore shar, kusan na tabbata rawaya ce. In kuwa ta fito shunayya, shawarata ta bambanta: kada ki ɓata ruwanki a kanta, ki nemi rawaya.

A nan ne gizo ke saƙar. Fure ba ya zama ɗa sai garin da ke ɓangaren namiji ya kai ga ɓangaren mace, wannan ake kira barbara. Shunayya tana iya ɗaukar garin furenta ta yi 'ya'ya ita kaɗai. Rawaya ba ta karɓar nata garin. Ko kin ɗauko daga wannan fure kin kai wancan, muddin a jikin shuka ɗaya suke, furen zai faɗo. Dole garin ya fito daga wata shukar daban, wadda ta tsiro daga wani ƙwayar iri. Da dashenki biyu ba su mutu ba, da wataƙila ba ki rubuto min ba. Kuma ki kula, yanke reshen wannan taki a dasa a gefe ba ya magance komai, don reshen ita ce dai ta sake tsayawa a wani wuri.

Akwai hanyar da za ki gwada maganata da safe kafin a yi shara. Ki tsince abin da ya zuba a gindinta ki duba a tafin hannu. Idan ƙullin fure ne da bai kai ga buɗewa ba, ya yi rawaya ya tsinke, wannan aikin zafi ne ko ƙishirwa. Idan kuwa fure ne da ya buɗe sosai, ya rufe, bayan kwana biyu ko uku ya faɗo, in kin ɓare shi kika ga ɗan ƙwallon cikinsa ya yi laushi ya koɗe, to barbara ce ba a samu ba. A watan Mayu za ki ga duka biyun a haɗe, amma furen da kika ce yana zuba tun Fabrairu, lokacin da zafi bai kankama ba, shi ne ya ƙarfafa min zargi na biyun.

Barbara da hannu

Ko da shuka biyu gare ki, sai an sami mai kai garin. Garin furen fashon furut yana da nauyi da danƙo, iska ba ta ɗaukarsa. Ƙudan zuma kuma ya yi ƙanƙanta: yana zuwa ya kwashe garin ya tafi, bai taɓa inda ake so ba, har wani lokaci ya share furen tas kafin mai aikin ya iso. Mai aikin shi ne babban ƙwaron nan baƙi mai ƙugi, wanda ke huda gora ko busasshen katako ya yi gida a ciki. Shi ne in ya shiga neman zaƙin fure, bayansa ke gogar kawunan namiji da na mace. A cikin birni, inda gini ya koma bulo da kwano, ga feshin maganin sauro kowane dare, ya yi ƙaranci. In kin gan shi, ki hana yara kashe shi, ki ma rataya masa guntun gora ko busasshen icce mai taushi kusa da rumfar. Amma ni ba na dogara da shi. A Burazil ma manoma da yawa da yatsa suke bin furanni ɗaya bayan ɗaya.

Ga yadda ake yi. Ki kama fure ɗaya ki kalle shi da kyau. A tsakiyar gezar nan mai fari da shunayya akwai sanda ɗaya a tsaye. A jikinta, daga ƙasa, kawuna biyar ne masu faɗi suna kallon ƙasa, su ke ɗauke da garin. Samansu akwai ɗan ƙwallo kore, shi ne ɗan da kike jira. Can ƙoli kuma kawuna uku ne masu kumburi a baki, su ne ɓangaren mace. Da furen ya buɗe, ukun nan a miƙe suke suna kallon sama. Bayan kamar awa ɗaya sai su lanƙwaso ƙasa su kusanci biyar ɗin. Lokacin ne suke shirye, kuma yakan dace da bayan sallar azahar zuwa la'asar. Ki shafa yatsa a ƙarƙashin kawuna biyar na furen shuka ta farko, za ki ga yatsan ya yi rawaya. Ki je furen shuka ta biyu ki dangwala wa kawuna ukun, kowanne ya samu. Ki ɗebi garin wannan ɗin ki dawo wa ta farko da shi. Mai son tsafta ya yi da audugar goge kunne ko gashin kaza, duk ɗaya ne. Kada ki yi rowar garin, don yawan ƙwayar da ta kama shi ne yawan ruwan da ɗan zai yi. Ɗan da aka yanka aka tarar da shi fanko, yawanci garin ne bai wadace shi ba.

Abu biyu za ki kiyaye. Garin yana fashewa in ruwa ya taɓa shi kafin ya kama, don haka ba a watsa wa shukar ruwa ta sama da rana, kuma in hadari ya haɗo gab da zuba, ki bar barbarar ranar, tana bukatar kamar awa biyu a bushe. Na biyu, akwai furannin da kawunansu uku ba sa lanƙwasowa ko kaɗan, har yamma suna tsaye. Waɗannan ba sa yin ɗa ko me aka yi musu, ki wuce su. In barbara ta kama, cikin kwana uku ko huɗu za ki ga ƙwallon ya kumbura, kore mai sheƙi, ya turo busasshen furen gaba.

To ke da ba ki da ta biyu fa? Hanya mafi sauri ita ce ki cigita a dangi da maƙwabta wanda ke da rawaya mai fure. A tsinko miki furanni biyu ko uku da suka buɗe a ranar, a sa a kofi a rufe, a kawo kafin la'asar. Fure ɗaya yana isar furanni da dama. Wannan shi ne gwajin da zai raba gardama tsakaninki da Alhaji. Ana kuma iya yi mata aure da reshen wata, kamar yadda ake yi wa mangwaro, amma aikin masu hannu ne, kuma ba a yin sa cikin zafi. Hanya mai ɗorewa dai ita ce ƙarin dashe, zan zo kanta.

Zafi, katanga da ruwa

Kada ki yanke wa shukar hukunci da abin da ta yi a Afrilu da Mayu. In zafi ya haura digiri 35 yana ɗorewa, ko masu shuka goma furensu zuba yake. Abin da na lura a nan shi ne fure ya fi kamawa daga tsakiyar damina zuwa kaka, wato Agusta zuwa Nuwamba, sai kuma ɗan tsakanin nan na Fabrairu zuwa farkon Maris. A tsakiyar hunturu furen kan ja baya saboda sanyin dare da gajartar yini. A bazara aikinki ɗaya ne, ki raya ta har ruwa ya sauka.

Wurin da take ya ƙara mata wahala. Katangar siminti da ranar yamma ke duka tana shan zafi ta riƙa amayar da shi har bayan isha'i, shukar kuma tana manne da ita. Ba zan ce ki tumɓuke ta ba, babbar fashon furut ba ta son ƙaura. Ki kafa mata rumfa ko waya kamar taku biyu daga katangar, ki riƙa janyo sabbin rassa zuwa can, iska ta sami hanya ta bayanta. Sabon dashe kuwa ki nema masa gabashin ɗaki, inda zai sha rana daga hantsi zuwa azahar, inuwar ɗakin ta rufe shi da yamma, katangar gida kuma ta tare masa iskar hunturu. Kada dai inuwar ta yi yawa. Ƙarƙashin bedi ko mangwaro za ta haye bishiyar ne ta tafi neman rana, 'ya'yan su koma inda hannu ba ya kai.

Kin ce kina ba ta ruwa kullum, amma ba ki faɗi nawa ba. Saiwar wannan shuka ba ta nitsewa, a sama-sama take bazuwa, ƙasarmu kuma jigawa ce, ruwa na zuba yana wucewa. Buta ɗaya a gindi ba ta kai ko'ina. Babbar shuka irin taki, a bazara, nakan ba ta jarka guda mai lita 25 a yini, rabi da asuba rabi da yamma, a zuba a kewaye ba a jikin kara ba. Da hunturu bayan kwana bibbiyu ya isa. Abin da ta fi ƙi shi ne yau ambaliya gobe fari, wannan ke zubar da ƙananan 'ya'ya ya sa manyan su yanƙwane tun ba su nuna ba. Na san ruwa kuɗi ne a birnin nan, musamman ga mai saye wajen 'yan ga-ruwa. Ruwan alwala da na wanke shinkafa da kayan miya duk suna yi, a tara a bokiti. Ruwan omo da bilic da na wanke-wanke mai mai da gishiri ne ban yarda da su ba. Dabarar da ta fi rage min asara ita ce binne tulun ƙasa har wuya, taku ɗaya daga gindin, a cika shi a rufe bakinsa. Yana tsattsafar da ruwa a hankali daidai inda saiwa take. Sannan ki lulluɓe ƙasar da busasshiyar ciyawa, ɓawon gyaɗa ko buntun shinkafa, kaurin yatsu huɗu, amma ki bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da karan, saboda gara da ruɓewa. In akwai kaji a gidan, ki jera duwatsu ko ƙaya a kai, in ba haka ba za su tone saiwar su bar ta a rana.

Batun taki gajere ne: ki dakatar da yuriya. Yuriya da kashin kaji duk abincin ganye ne, kuma ganyen da kike alfahari da shi shaidarsu ce. Shukar da aka cika wa su takan shagala da yaɗo ta rage fure. Abin da fure da 'ya'ya ke nema shi ne sinadarin fotash. Ni nakan zuba ruɓaɓɓen takin awaki ko na shanu bokiti guda a farkon damina da kuma bayan an gama ɗiba, sai takin zamani NPK 15-15-15 cikin ƙaramin gwangwanin tumatir duk bayan kamar wata biyu, a barbaɗa a kewaye nesa da kara, a bi da ruwa nan take. Tokar murhu tana da fotash, amma cikin hannu ɗaya jefi-jefi ya isa, in ta yi yawa tana sauya ƙasar ta hana saiwa shan ƙarfe. Alamar haka ita ce sabon ganye ya fito fari-fari, jijiyoyinsa kawai ke kore. Haka ma yake faruwa a inda aka binne ɓaraguzan siminti lokacin gini, abin da ya zama ruwan dare a gindin katangu.

Rumfa da aski

Fashon furut a sabon reshe kawai take fure. Tsohon reshen da ya yi fure bara ya gama nasa. Shukar da aka bari ta cukurkuɗe, cikinta duk busassun rassa ne da duhu, mafakar ƙwari, furen kuma yana can saman tsibin inda ba za ki kai yatsa ba. Masu tsoron maciji ma irin wannan cunkoson ne abin tsoronsu, ba shukar ba.

Tsarin da na fi so shi ne waya ɗaya mai kauri a tsayin mita 2, a ɗaure ta a turakun ƙarfe. Na ce ƙarfe saboda gara ba ta barin icce, kuma guguwar farkon damina ba ta raga wa rumfar da ta ɗauki nauyin ganye. Mai walda zai haɗa miki da guntayen fayif. A bar kara ɗaya ya hau igiya, ana tsinke duk reshen da ya fito a gefe, har ya kai wayar. A nan a datse kansa, a bar rassa biyu, ɗaya ya bi dama ɗaya hagu. Daga jikinsu ne wasu rassan za su zubo ƙasa kamar labule, su ne masu 'ya'ya. Duk wanda ya kusa taɓa ƙasa a datse shi, a bar tazarar kamu ɗaya. Mai son inuwar zama a tsakar gida yana iya yin rumfa mai faɗi, tana da kyau, sai dai barbara da aski sun fi wuya a kanta.

Taki da ta riga ta cukurkuɗe, kada ki taɓa ta da almakashi yanzu. Ganyen nan shi ke kare rassan daga ƙunar rana. Ki jira ruwa ya zauna a ƙarshen Yuni ko farkon Yuli, sannan ki cire busassu da masu rauni, ki rage dogayen, kina barin ido biyu ko uku a gindin kowanne. Kada ki cire fiye da kashi ɗaya cikin uku a lokaci guda. Sabon tohon da zai biyo baya shi ne zai ba ki furen Agusta.

Abokan gaba

Biyun da suka mutu, zan so in san yadda suka mutu. A ƙasarmu abu biyu ne suka fi kashe dashe. Ɗaya ruɓewar gindi: ruwa ya kwanta a jikin kara, ko an binne shi ya wuce inda yake a leda, ko fartanya ta ji masa ciwo, sai ki ga shuka ta yi yaushi gaba ɗaya alhali ƙasa a jiƙe take. Shi ya sa ake dasawa a kan ɗan tudu, kuma ciyawar gindinta da hannu ake cirewa. Ɗayan kuma tsutsar nan da ido ba ya gani, mai sa saiwa ta yi ƙulle-ƙulle. Tana son jigawa, tana kuma taruwa a inda aka daɗe ana shuka tumatir, kuɓewa ko yalo. A guji irin wannan wurin, a yawaita ruɓaɓɓen taki, a cuɗa dakakken ƙwallon bedi a ƙasar ramin.

Akwai cutar da ya kamata mu nan mu fi kowa saninta, saboda tana da alaƙa da wake. Ƙwayar cuta ce da darɓa ke ɗaukowa, kuma irin wadda ke kama ganyen wake ce ke kama fashon furut a Afirka da Burazil. Ganye ya yi dabbare-dabbare ya tattare, 'ya'ya su fito ƙanana, karkatattu, ɓawo mai kauri da tauri, ciki ba komai. Ba ta da magani. Shukar da ta kamu a tumɓuke ta a ƙone, a wanke almakashi kafin a taɓa wata. Kada ki shuka wake a gindinta don ya rufe ƙasa, ko da kin ga wuri ya rage.

Sauran masu sauƙi ne. Ƙudan da ke sa wa mangwaro da gwaiba tsutsa yana sukar ƙananan 'ya'ya, maganinsa na farko tsince duk wanda ya lalace a binne da zurfi. Da hunturu ƙura kan tara wasu mitsi-mitsin jajayen ƙwari a bayan ganye, wanke ganyen da ruwa da sassafe yana rage su. Darɓa da farin ƙwaron nan mai kama da auduga, ruwan ƙwallon bedi da aka daka aka jiƙa ya kwana yana korarsu. Kowane irin feshi a yi shi da sassafe ko bayan magariba, ba lokacin da fure ke buɗe ba. Akuya kuwa ba sai na faɗa ba.

Ƙarin dashe

Ki nemi aƙalla biyu, kuma kada su fito daga ɗa ɗaya, don 'yan uwan juna ma wani lokaci ba sa karɓar garin juna. In za ki saya, ki sayi ɗaya nan ɗaya can, ki tambaya ko daga iri aka tayar ko daga reshe, don mai sayarwa na iya yanko duk dashensa daga uwa ɗaya. Tayarwa da kanki ya fi tabbas, kuma yanzu ne lokacinsa. Ki sami nunannun 'ya'ya rawaya daga wurare daban-daban, ki kwashe cikinsu ki bar shi a kofi kwana biyu ko uku ya yi tsami, ki wanke, ki shanya a inuwa. Ki shuka a ledar fiya-wata da aka huda ƙasanta, zurfin santimita 1, a ajiye a inuwa inda ƙadangare ba ya kai. Sabon iri yana tsirowa cikin mako biyu zuwa uku, wanda ya daɗe a ajiye yana iya ɗaukar watanni. Bayan mako shida zuwa takwas, in ya kai kamu ɗaya, a dasa shi da yamma, a rami mai faɗi da zurfin santimita 50 da aka cuɗa ƙasarsa da ruɓaɓɓen taki, tazarar mita 3 tsakanin shuka da shuka. Wanda aka dasa a Yuli, kada ki sa ran furensa kafin ƙarshen hunturu, cikakken amfaninsa kuma sai damina ta gaba. Shi ya sa a bana furen aro ne zai fitar da ke.

Wannan dashen yana da wani amfanin. Fashon furut ba bishiya ba ce, shekara uku zuwa biyar take yi ta gaji, a zafinmu ma sau da yawa ba ta kai biyar ɗin. Mai son kada gidansa ya yanke, duk shekara biyu yana tayar da sabuwa, a sabon rami.

In Allah ya sa ta kama, daga fure zuwa nuna wajen kwana 70 zuwa 80 ne. Ba a tsinka, in ya nuna da kansa yake faɗowa, sai a riƙa tsincewa safe da yamma kafin rana ta ƙona shi. Wanda ya kwana biyu a ɗaki ɓawonsa ya ɗan yanƙwane ya fi zaƙi. Ki gargaɗi yara kada su ci ɗanye, koren yana da sinadari mai guba wanda ke raguwa sai ya nuna. Rawayar tana da tsami sosai, cikin 'ya'ya uku ko huɗu yana isar jug guda in an tace an ƙara ruwa da sukari, kuma yana shiga da zoɓo ko kindirmo.

Duk wannan daga rubutunki na gina shi, ban ga shukar da idona ba, kuma halin da saiwa ke ciki ba ya bayyana a saƙo. Ki daina yuriya yau, ki gyara ban-ruwa, ki yi aski in ruwa ya zauna, ki gwada garin wata shukar a furanni kamar ashirin cikin Agusta, kina ɗaura wa kowanne zare don ki gane shi. In rabinsu ko kusa da haka suka kama, an gano bakin zaren. In har ƙarshen Satumba babu ko ɗaya, ki tona gefe ɗaya a hankali ki yanko 'yar saiwa, ki haɗa da ganye da fure a leda, ki kai wa malaman gona na KTARDA, hukumar bunƙasa aikin gona ta Jihar Katsina, su duba miki.